Baƙin Kaka: Kaɗa-jela da Fifit a Ƙasar Hausa, da Yadda A Ke Samunsu

Ba wani Bahaushe mai noma da bai san shamuwa ba. Da an ga ta sauka bisa tsamiya ko kuka a bakin gari, sai a ce damina ta matso, kowa ya shiga sharar gona. Amma tashinta ba safai a ke lura da shi ba, gama yana faɗawa cikin hidimar girbi, sa'ad da hankalin kowa ya ke kan gero. Sai dai wata rana a ɗaga kai a tarar sheƙa ba kowa. Balle kuma a lura da cewa cikin waɗannan makonni da shamuwa ta ke barinmu ta nufi kudancin Afirka, waɗansu baƙi suna shigowa ta arewa, ƙanana ƙwarai, ba su kai rabin kurciya ba, daga Turai da Rasha kuwa su ke fitowa. Lokacin da Turawa ke gani ganyen itatuwansu na zuba, sanyi na gabatowa, shi ne kakarmu, watau daga Satumba zuwa Nuwamba. Abin da ke korar tsuntsayen daga can shi ne ƙarewar ƙwari, abin da ke jawo su nan kuwa shi ne damina ta bar mana ƙwari da danshi.

Cikin waɗannan baƙi mun zaɓi dangi guda, wanda masana ke kira Motacillidae. Danginsu ya haura iri 60 a duniya, amma waɗanda mutum zai iya gamuwa da su tsakanin Zariya da Damagaram ba su da yawa, ana iya sanin su duka cikin kaka biyu. Nufinmu shi ne mu nuna cewa neman su ba aikin duban sama ba ne. Wanda ya san ƙasa, ya san bambancin fadama da jigawa da fako, ya san inda shanu ke kwana da inda su ke shan ruwa, to, ya riga ya gama rabin aikin, domin kowane iri yana da irin ƙasar da ya ke takawa.

Maganar suna

Dangin nan kashi biyu ne manya. Na farko Turawan Ingila na ce da su wagtail, ma'anarsa mai kaɗa jela, domin ba su iya tsayawa ba tare da jelar tana sama tana ƙasa ba. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar musu da sunan Motacilla a 1758. Na biyu su ne pipit, sunan kuwa kwaikwayon kukansu ne, masana na ce da su Anthus. Don kada a ruɗe, cikin wannan takarda za mu kira na farko kaɗa-jela, na biyu kuma fifit, yadda bakin Bahaushe zai faɗe shi.

Abin sha'awa ne mai nazarin harshe ya duba yadda al'ummai dabam dabam su ka sa wa kaɗa-jela suna. Faransawa na ce masa bergeronnette, watau 'yar makiyayiya. Jamusawa na ce da rawayan Schafstelze, sunan da ya haɗa shi da tumaki. Mutanen Masar kuwa na ce masa Abu Fasada. Ingilishi ya dubi jela, Faransanci da Jamusanci sun dubi sana'a. A ganina na biyun sun fi gaskiya, ko kuwa mu ce sun fi amfani ga mai nema, gama kaɗa jela ba ya gaya maka inda za ka sami tsuntsu, amma kiwo yana gaya maka.

Kafin a kai ga rarrabe iri da iri, sai a fara sanin dangin. Alama ta fari ita ce tafiya. Yawancin ƙananan tsuntsayen da mu ka saba gani a tsakar gida da bakin rumbu, kamar marai da janbaki, tsalle su ke yi da ƙafa biyu a haɗe. Kaɗa-jela da fifit takawa su ke yi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar kaza, su yi gudu kaɗan, su tsaya cik, su cafke ƙwaro, su kuma ci gaba. Alama ta biyu baki ne: siriri ne mai tsini, na cin ƙwari, ba kakkauran bakin masu fasa hatsi ba. Ta uku, in tsuntsun ya tashi za a ga farin gashi a gefe biyu na jelarsa. Kaɗa-jela kuma tashinsa ba a miƙe ya ke ba, sai ya buga fiffike ya hau, ya rufe ya gangaro, ya sake hawa, kamar jirgin ruwa bisa igiyar ruwa, yana kuka ɗaya ko biyu a kowace hawa. Wanda ya riƙe waɗannan uku ba zai haɗa su da kowa ba sai tsuntsayen nan masu tukku na fako, waɗanda su ma takawa su ke yi. Amma su jikinsu a dunƙule ya ke, jelarsu gajera, bakinsu ya fi kauri, in sun ga mutum kuma sai su lafe a ƙasa maimakon su miƙe su dube shi.

Game da dalilin kaɗa jelar, an daɗe ana cewa don ya firgita ƙwari su tashi ne. Wani bincike da aka yi a Jamus kan farin kaɗa-jela, aka buga a 2006, ya nuna tsuntsun ya fi kaɗa ta sa'ad da ya ke a faɗake yana dube-dube, kamar dai yana shaida wa shaho ko kyanwa cewa ya gan su, kada su ɓata lokacinsu.

Rawayan kaɗa-jela

Wannan shi ne babban baƙonmu, Motacilla flava, shi ne kuma ya fi sauƙin samu. Tsawonsa kamar santimita 16 ne daga baki zuwa ƙarshen jela, nauyinsa kuwa giram 16 ko 17, watau kamar goro guda matsakaici. Cikinsa ruwan ɗorawa ne, bayansa kore-kore mai duhu, ƙafafunsa baƙaƙe ne dogaye. Na farko su kan iso arewacin Nijeriya da kudancin Nijar cikin Satumba, kafin Oktoba ta ƙare sun cika ko'ina, su kuma zauna har Maris ko Afrilu.

To, mai neman sa kada ya wahalar da kansa da shiga daji. Ya nemi garken shanu a wurin da ciyawa gajera ce, ƙasa kuma da sauran danshi, ya zauna nesa kaɗan, ya sa ido a ƙafafun shanun da kusa da bakinsu. In ya yi haƙuri ɗan lokaci zai ga wani abu rawaya yana gilmawa tsakanin kofatai, har ya yi tsammani za a taka shi. Ba a taka shi. Saniya tana tafe tana tayar da ƙudaje da ƙananan fara daga cikin ciyawa, shi kuwa yana biye yana tsinta. Abokan tafiyar saniya uku ne a ƙasarmu, kowa da rabonsa, ba mai shiga na wani. Carki yana bisa jikinta yana cire kaska. Balbela tana gefe tana kama manyan fara da ƙadangaru ƙanana. Kaɗa-jela yana ƙasa yana ɗaukar abin da balbela ta raina. Biyun farko 'yan ƙasa ne, kowa ya san su, sun shiga karin magana da waƙa. Na ukun rabin shekara ya ke yi tare da mu, amma sai ka ga ɗalibin da ya tashi a ƙauye bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba.

Kashin shanu ma gona ce gare shi. Wani masani Baturen Ingila, N. B. Davies, ya yi nazarin wannan kusa da Oxford, ya buga a 1977. Ya ga cewa in tsuntsun ya faɗo kan ɗanyen kashi, ƙudajen da ke kai sai su watse cikin ciyawa, saboda haka kamun da zai yi mai yawa cikin 'yan daƙiƙun farko ne. Da ya ga kamu ya ragu sai ya bar wannan ya faɗa wa na gaba, ƙudajen kuma su komo. Ya kuma ga tsuntsun ya fi zaɓen ƙuda matsakaici, mai kamar milimita 7, domin babban ƙuda yana cin lokaci wajen haɗiya. Duk wanda ya zauna bakin makwantar shanu da hantsi zai iya ganin wannan da idonsa.

Kakarmu kuwa kamar an shirya ta ne don shi. Da an yanke gero, Filani na shigo da dabbobi gonaki cin karmami da sauran abin da aka bari. Ruwan fadama kuma yana ja da baya kullum, yana barin laka mai taushi da ɗanyar ciyawa a bakinsa. Masu lambu na fara gyaran fangali, suna ba da ruwa. Waɗannan wurare uku, watau gonar da shanu ke ciki, da bakin ruwa mai ja, da lambu sabon ban ruwa, su ne za a fara dubawa. Irinsu suna nan a fadamun Galma da Kubanni a Zariya, da filayen noman rani na Kadawa kudu da Kano, da fadamar Rima daga Goronyo zuwa Sakkwato, da bakin tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, balle fadamun Haɗeja da Nguru. Ko a cikin gari ma, filin ƙwallon makaranta in ana ba shi ruwa, ko gefen kududdufi inda awaki ke kiwo, ba a rasa ɗaya ko biyu.

Na taɓa zama da wani dattijo Bafillace a bakin wata fadama arewa da Zariya, ina nuna masa su cikin madubin hangen nesa. Ya ce, "Malam, ai ba sai da madubi ba. Tun ina yaro na san su. In an kai gero gida sun zo, in zafi ya tsananta mu ka fara neman ruwa sai mu neme su mu rasa." Na ce, "Baffa, ka san inda su ke zuwa?" Ya ce ai ko ina ne ba nisa, tun da abin bai fi loma guda ba. Da na gaya masa sai sun ƙetare hamada da teku, sai ya yi dariya ya ce Allah mai iko, amma na ga alama bai ɗauki maganar ba. Lissafinsa na zuwansu da tafiyarsu kuwa bai saɓa wa na littattafai ba ko da mako biyu.

Akwai wani abu da kan ruɗa sabon mai nema. Littattafai suna nuna rawayan kaɗa-jela da kai iri iri, kuma gaskiya ne, domin launin kan namiji yana nuna ƙasar da ya fito. Na tsakiyar Turai kansa shuɗi-shuɗi ne da farar gira. Na arewacin Suwidin da Finlan da arewacin Rasha kansa toka ne mai duhu, ba gira. Na Italiya kansa toka ne, maƙogwaronsa fari. Na ƙasashen Balkan da Turkiyya kansa baƙi ne wulik, shi kuwa an fi ganinsa ta gabas, wajen Tafkin Cadi. Amma da kaka duk wannan ado ya koɗe, ga kuma mata da 'ya'yan bana waɗanda cikinsu fari-fari ne, rawayar ba ta fita sai ƙarƙashin jela. Shawarata ita ce kada mutum ya ɓata kakarsa wajen wannan rarrabewa. Ya bari sai Fabrairu da Maris, sa'ad da su ka sake gashi, sa'an nan zai ga kawuna uku ko huɗu cikin garke guda, kowane a fili.

Sauran kaɗa-jela ba za su ɗauke mu lokaci ba. Farin kaɗa-jela, Motacilla alba, shi ma baƙo ne daga Turai, yana isowa bayan rawayan, wajen Oktoba da Nuwamba, ya fi kuma tsayawa a arewa, Kano da Sakkwato da Barno da Nijar. Bayansa toka, fuskarsa da cikinsa fari, da wani baƙin zane kamar jinjirin wata a ƙirji. Bai damu da shanu sosai ba. Bakin rijiya da mashaya da magudanar ruwa da bakin dam su ne wurarensa, sau da yawa kuma shi kaɗai ya ke, kukansa gaɓa biyu ne masu kaifi, na rawayan kuwa gaɓa ɗaya ce mai ɗan ja. Akwai kuma wani ɗan ƙasa, Motacilla aguimp, baƙi da fari tas, ya fi su girma, wanda ba ya zuwa ko'ina. Shi sai a manyan koguna masu duwatsu da yashi, kamar Kwara da Binuwai.

Fifit

Nan ne aikin ke da wuya, gama fifit duka ruwan ƙasa ne, ba wani ado, mai gaggawa sai ya ce duk ɗaya ne. Abu uku ke raba su: ƙasar da aka same su a kai, da kukan da su ke yi in sun tashi, da yawan zane a ƙirji da baya. Launi shi ne na ƙarshe da za a duba.

Mai jan wuya, Anthus cervinus, shi ne abokin rawayan kaɗa-jela, ana samunsu tare cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da shanu su ka tattake, da gefen gonakin shinkafa. Shi ya fi kowa nisan gida, domin a can ƙarshen arewacin Turai da Saibiriya ya ke sheƙa, inda itace ba ya tsirowa, tafiyar fiye da kilomita 6,000 daga Kano. Ƙirjinsa da gefen cikinsa da bayansa duk zane ne baƙi mai kauri, da layi biyu masu haske a gadon baya. Manya suna da ja-ja kamar jar ƙasa a wuya da fuska, 'ya'yan bana kuwa ba su da shi. Kukansa shi ne shaidarsa: siririn fito ne mai tsawo, yana farawa da ƙarfi ya ƙare a hankali, kamar iska na fita daga ƙaramin huji. Wanda ya ji shi sau biyu ba ya mancewa. Yana da laɓewa, sai an kusa taka shi ya ke tashi, saboda haka a kan ji shi kafin a gan shi.

Fifit na itace, Anthus trivialis, yana son wurin da ciyawa ta haɗu da itatuwa jefi-jefi, kamar saura mai ɗorawa da kaɗanya, ko gefen gona. A ƙasa ya ke ci kamar 'yan'uwansa, amma in aka tashe shi sai ya hau reshe ya zauna yana ɗaga jela a hankali, har ya yi tafiya bisa reshen. Zanen ƙirjinsa mai kauri ne, na gefen ciki siriri kamar an ja da allura, kukansa gajere ne mai ɗan kaushi. A can arewa wucewa ya ke yi cikin Satumba da Oktoba, mazauninsa na rani ya fi yawa daga kudancin Kaduna da tsaunukan Jos zuwa kudu. Saboda haka mutumin Katsina ko Daura in yana son ganinsa, to, kaka ce damarsa.

Na uku shi ne fifit na jigawa, Anthus campestris, wanda ya saɓa wa sauran, domin ba ruwansa da danshi. Busasshen fili mai rairayi da ciyawa tsilli-tsilli ya ke so, irin na arewacin Barno da Yobe da Damagaram. Launinsa kamar yashi, ƙirjinsa kusan ba zane, ƙafafunsa dogaye, yana tsayawa a miƙe, jelarsa ma doguwa har a kan ɗauke shi kaɗa-jela ne da ya koɗe.

Sai a yi hattara da 'yan ƙasa biyu, kada a rubuta su cikin baƙi. Ɗaya shi ne Anthus leucophrys, mai baya sumul ba zane, mai son gajeriyar ciyawa da wurin da aka ƙone. Ɗayan kuwa Macronyx croceus ne, wanda ya fi su duka girma, cikinsa ruwan ɗorawa da baƙin zane ya kewaye maƙogwaro kamar abin wuya, farcensa na baya dogo ƙwarai. Saboda rawayar nan waɗansu kan ce kaɗa-jela ne, amma jikinsa ya fi kauri nesa, yana kuma son hawa kan ƙaramin itace ya yi ta fito, abin da baƙon ba ya yi.

Lokaci da makwanci

Sa'o'i biyu na farkon safiya sun fi, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma hazo ya sauko in hunturu ya shigo. Mai nema ya sa rana a bayansa, ya sa tufa marar haske, ya yi tafiya a hankali, in ya samu ma ya bi makiyayi, gama tsuntsayen sun saba da shi, ba su gudunsa kamar yadda su ke gudun baƙon mutum. Amma abin kallo na gaske da yamma ya ke. Rawayan kaɗa-jela da rana a warwatse su ke kiwo, da dare kuwa tare su ke kwana, cikin doguwar ciyawar ruwa ko gonar rake. Kamar rabin sa'a kafin magariba za a ga suna tahowa ta kowace fuska, goma goma, ashirin ashirin, su taru a fili kusa da makwancin, su tashi su yi ta kewaya sama suna kuka, sa'an nan su zubo cikin ciyawar kamar an watsa tsakuwa. A makwanci mai kyau ana samun ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Wanda ya ke son ƙidaya yawansu a wata ƙasa, nan ne wurin ƙidaya.

A irin waɗannan makwantai ne aka sami yawancin abin da aka sani game da su a Nijeriya. V. W. Smith da D. Ebbutt sun yi aiki a kansu a Vom, su ka buga a 1965. C. H. Fry da J. S. Ash da I. J. Ferguson-Lees sun auna nauyin tsuntsaye masu ƙaura a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, su ka buga a 1970. R. E. Sharland ya yi shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a Kano. Dabarar ita ce a kafa raga mai laushi, a kama tsuntsu, a auna shi, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi. Da haka aka gane abu biyu. Na ɗaya, tsuntsun da aka sa wa zobe bana ya kan komo wuri guda baɗi, bayan ya je Turai ya dawo. Na biyu, kafin su tashi da bazara su kan tara kitse ƙwarai, mai giram 17 ya kai 25 ko kusa da haka cikin 'yan makonni. Kitsen nan shi ne guzurinsu, domin faɗin hamada daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, bayanta kuma ga Bahar Rum. R. E. Moreau, wanda littafinsa kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da Afirka ya fito a 1972, ya ɗauka cewa tashi guda su ke ƙetare hamadar, sa'a 40 zuwa 60 ba sauka. Daga baya masana na ƙasar Suwizalan su ka kafa na'urar rada a Muritaniya cikin 2003 da 2004, su ka ga yawancin ƙananan tsuntsaye da dare su ke tafiya, da rana su sauka su fake a inuwar dutse ko ɗan itace. Ko ta yaya ne dai, abin da tsuntsu zai ci a hanya kaɗan ne, wanda bai ƙoshi a nan ba ba zai kai can ba.

Wannan ne ya sa halin da fadamunmu ke ciki ya shafi mutanen da ba su taɓa jin sunan Haɗeja ba. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila su ka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cin rani a ƙasashenmu, fiye da rabinsa bai komo ba. Da aka bi sawu sai aka tarar ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968 ne sanadi. Tun daga nan ƙasa ta sake ƙwarai. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ko da ya ke ya ɗan farfaɗo daga baya. An gama dam na Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ruwan kuma ya daina zuwa ya tafi kamar da, sai ya riƙa kwanciya a waɗansu wurare shekara duka. A nan ne ciyawar kacala ta samu ta mamaye hanyoyin ruwa da gonaki da wuraren kiwo. Manomi da masunci da makiyayi duk sun koka da ita. Ga kaɗa-jela kuwa, kacala ta ba shi wurin kwana ta hana shi wurin ci, gama shi bakin ruwa mai ja da gajeriyar ciyawa ya ke bukata. Gaskiya ne noman rani ya buɗe masa sababbin wurare a Kadawa da irinsu, ba za a ce duk hasara ce ba. Sai dai lambun yanzu yana shan maganin ƙwari, ƙwarin kuwa su ne abincin. Haka kuma feshin da a ke yi wa janbaki a makwancinsa cikin ciyawar ruwa, maganin ba ya tambayar sunan wanda ya kwana a wurin. A Ingila rawayan kaɗa-jela ya ragu har aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da a ke tsoron halinsu a 2009, ko da ya ke babban laifin a can ana ɗora shi kan yadda noman ƙasarsu ya sake.

Akwai aikin da ɗaliban wannan sashe za su iya yi wanda masanin tsuntsaye daga waje ba zai iya ba. Ƙamus na Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, sunayen tsuntsaye da ke cikinsu kuwa an tattara su ne daga bakin mutanen da yanzu ba su da rai. Ɗalibin da zai tafi gida hutu cikin kaka ya ɗauki ɗan littafi, ya je fadamar garinsu, ya nuna wa manomi da makiyayi da mai lambu da yaro mai ɗana tarko tsuntsun da ransa yana tafiya, kada ya nuna hoto, domin mutanen karkara da tafiya da kuka su ke sanin tsuntsu. Ya rubuta sunan da aka faɗa masa daidai yadda aka faɗa, da karin sautinsa, da garin, da sana'ar mai faɗin, ko da sunan na Fillanci ne ko na Barbarci. Ya tambaya ko suna guda ne ya haɗa rawaya da fari, ko an raba su, ko kuma fifit na shiga ciki. Ya rubuta ranar da aka fara ganinsu bana, da abin da a ke yi a gona a ranar. In kuma ya tarar yara sun kama wani mai zobe a ƙafa, ya kwafe duk abin da ke rubuce jikin zoben, harafi da lamba, da rana da wuri, ya roƙi a saki tsuntsun in da ransa, ya aika da bayanin zuwa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke tare da Jami'ar Jos.